Awo Na Uku

A kan katin asibiti suka ƙulla maganar, Auta da uwar marigayin mijinta, ranar da yaron ya cika kwana goma sha huɗu a duniya.

Tsohuwar, wadda duk gidan ke kira Inna, ta shimfiɗa katin a kan teburin keken ɗinki, ta danne shi da almakashi don kada fanka ta kwashe. Ba ta san ko bihim ba a karatu, amma ta haifi tara ta yaye bakwai, ta kuma san layin nan da ma'aikatan asibiti suke ja duk ranar awon nauyin jariri. In ya hau, yaro na ƙoshi. In ya sauka, uwa ta gaza.

"Awo uku na ba ki," in ji ta. "Sati bibbiyu, yadda suka tsara. Nononki kaɗai, ban da madarar gwangwani. In layin nan ya hau sau uku, ki auri mai jakar ƙarafunan naki, ki tafi da yaro, ba zan ce uffan ba. In ya sauka ko sau ɗaya ne, to, kin san sauran."

Auta ta san sauran. Ko ta ajiye yaron ta fita ita kaɗai, ko ta zauna a gidan ta auri Yaya, wan marigayin.

Ta dubi ƙirjinta. A lokacin nono ya cika mata har yana ɗiga a kan zani ba tare da an taɓa shi ba. Wace mace ce za ta ji tsoron sikeli da wannan arzikin a gaba? Ta ce ta yarda. Inna ta sa ta maimaita a gaban Yaya da gaban mahaifinta, wanda ya zo barka ya tarar da shari'a, ya zauna yana kallon takalmansa har aka gama.

Mahaifin nan shi ne ya kori Mai Gyara shekara biyu da suka wuce. Shekara huɗu saurayin yana zuwa, tun Auta tana koyon ɗinki a shagon wata, shi kuma yana yawo shago-shago da jakarsa yana gyaran kekuna. Tsohon ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ba shi da ƙofar da za a same shi a bakinta ba. Aka ba direba, ɗan Inna. Direban bai cuce ta ba, bai kuma daɗe ba: tana da ciki wata bakwai aka kawo shi a bayan wata mota, an rufa masa zanen da ba nasa ba.

Haihuwa ta sauke mata takaba. Ba a yi kwana goma ba Mai Gyara ya turo a gaida mai jego, kuma duk gidan aka gane gaisuwar. Auta ba ta da uwa a raye da za ta ce a kawo mata jika. Inna ta san da haka, shi ya sa ta yi maganarta a tsanake, kamar mai tayin kayan da babu wani mai saye.

Shi kuwa Yaya, mai shagon kayan gini, bai taɓa zama ya ce yana son Auta ba. Mata biyu sun shiga ɗakinsa a baya, kowacce ta fita a rame. Nasa zawarcin shi ne ya shigo da tef ɗin awo, ya auna ƙofar ɗakinta da taga, ya ce ƙyauren nan ya tsufa, zai canza shi idan lokaci ya yi. Ko kallon inda take bai yi ba.

Awo na farko, layi ya hau. Na biyu ma ya hau, har nas ɗin ta ɗaga yaron tana cewa wannan ai buhun siminti ne. Inna ta yi dariya tare da kowa, ta karɓe shi tana masa rawa, tana cewa angonta ya fi ƙarfin 'yan matan zamani. Auta ta dawo gida tana jin ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Washegari ta kwance wata 'yar ƙusa a jikin kekenta da hannunta, ta aika a ce wa Mai Gyara keke yana cin zare.

Ya zo da hantsi. Ya durƙusa ya gaida Inna, wadda ta dasa kujerarta a bakin ƙofa tana tsince wake. Ya buɗe jakarsa, ya ga ƙusar, ya gane, ya yi murmushi cikin gemunsa, ya shafe rabin sa'a yana ɗaure abin da yatsa biyu za su ɗaure. Cikin ƙarar ƙarafuna ya shaida mata cewa mahaifiyarsa tana son ganinta ranar Alhamis mai zuwa.

Daidai nan yaron ya yi ɗan kuka daga gado. Kafin Auta ta motsa, nono ya tsinke mata. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, da'ira biyu manya, a kan yadi mai ruwan toka da ba ya ɓoye komai. Mai Gyara ya yi ƙasa da kai. Inna ta leƙo, ta kwashe da dariya, ta ce wa baƙon ya yi haƙuri, saniyar gidan ce ba a tatsa ba tukuna.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bayan ya tafi ta zauna a kan keken da aka gyara, ta yi wa kanta abin da tela kaɗai zai yi. Ta yanka ƙyallen nan mai tauri da ake sa wa wuyan riga, ninki biyu, ta ɗinka rigar ciki da za ta kama ƙirji tamau, ta rage awon da yatsa uku, ta jera maɗauri shida a gefe. Da ta gwada sai da numfashinta ya ɗauke. Ta ce yawwa. Ko kogi ne a ciki ba zai fito ya kunyata ta a gaban suruka ba.

Ranar Alhamis Inna da kanta ta ce a bar mata angonta, ai ba a zuwa irin wannan wurin da goyo. Auta har ta gode mata.

Ta ce sa'a biyu za ta yi. Ta yi bakwai. Mahaifiyar Mai Gyara ta bar ta a tsakar gida a kan tabarma, ta shiga ta fita, ta yi baƙi, ta sallame su, ta yi salla, ta ɗan kishingiɗa. Auta tana zaune, ƙirjinta yana cika a cikin ƙyallen da ba ya buɗawa, tana jin kamar ana hura mata wuta a ƙarƙashin hammata, kunya kuma ta hana ta cewa za ta tafi. Da matar ta waiwaye ta daga ƙarshe, tambaya ɗaya ta yi: shi yaron fa, da shi za a zo? Auta ta ce in Allah ya yarda. Matar ta ce "To," ta miƙe.

Ko ɗigo bai taɓa rigar waje ba. Wannan kam ɗinkin ya yi aikinsa.

Da ta kwance maɗauran a gida, nonon hagu ya yi tim, ga wani ƙullutu a gefensa kamar an cusa ƙwai a ƙarƙashin fata. Ta ɗora yaron, ya ja sau biyu, ta ji zafin har cikin haƙorinta, ta yi ƙara. Inna ta shigo. Ta taɓa wurin da bayan hannu, ta girgiza kai irin na wadda ta ga abin da ta daɗe da sani.

Ta ce nonon ya kwana a jiki ya lalace, ya zama guba, duk yaron da ya sha shi sai gudawa. Kada ta kuskura ta sake ba shi na hagu. Ta mayar da rigar nan ta ɗaure da kyau har ya ƙafe da kansa, na dama ya isa.

Auta ba ta taɓa haihuwa ba. Wa za ta tambaya? Matar da ta yaye bakwai ce a tsaye a kanta, tana mata magana da murya mai laushi, tana kiranta 'yar nan. Ta mayar da rigar.

Kwana biyu, ƙullutun ya ninka, fatar ta yi jawur tana sheƙi. Ba ta iya ɗaga hannun hagu ta zura zare a allura. Zanen gado in ya goge ta sai hawaye. A rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta, rana tsaka tana cikin bargo haƙoranta suna haɗuwa.

Sai Inna ta ce ai yanzu na daman ma sai a yi hankali, mai zazzaɓi in ta shayar, zazzaɓin take ɗura wa yaro. A riƙa ba shi kaɗan, safe da yamma, sauran a bar mata. Ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, tana ba shi ruwan sukari da ƙaramin cokali. Auta tana kwance tana jin kukansa ta bango. Duk kukan da ya yi sai ƙirjinta ya amsa, nonon ya taso ya rasa hanya, ya koma ya tsaya mata kamar dutse.

Ta ce a kai ta asibiti. Inna ta ce ai jibi ne ranar awo, a haɗa tafiyar, kada a yi ta wahalar da Yaya da mota.

Ranar Laraba suka tafi su uku a bayan motar kayan Yaya. Layin mata ya kai har bakin baranda. Da aka zo kansu, nas ɗin ta tuɓe yaron ta ɗora a sikeli, ta duba, ta sauke shi, ta gyara sikelin, ta sake ɗorawa. Ba ta ce buhun siminti ba. Ta ɗauki alƙalami ta ɗiga ɗigon, ta haɗa shi da na baya.

Layin ya sunkuya. Kaɗan ne, bai kai faɗin farce ba. Amma ko makaho ya shafa zai ji ya sunkuya.

Inna ta miƙa hannu ta karɓi katin, ta ninke shi, ta soke a ƙugu. Ta goya yaron ta ce za ta jira a waje, ɗakin ya cika zafi.

Nas ɗin ta dubi fuskar Auta, ta taɓa goshinta, ta ja ta bayan labule. Da ta ga rigar cikin sai ta tsaya, ta tambaye ta wane maƙiyi ne ya ɗinka mata wannan. Auta ta ce ita ce. Da aka kwance, matar ta yi salati.

Ta yi mata faɗa irin na wadda ta gaji da ganin abu ɗaya. Ta ce hanyar nono ce ta toshe, matsi da daɗewa ba a sha ba ne suka jawo, nonon kuma lafiyarsa ƙalau, babu guba ko ɗaya. Maganinsa shi ne abin da aka hana ta: yaro ya ci gaba da sha duk lokacin da ya nema, har da na hagun, ko da zazzaɓi. Ta ce ta jefar da rigar nan, ta daina dannawa da ƙarfi, ta riƙa ɗora ƙyalle mai sanyi. Ta rubuta mata magani, ta ce da ta ƙara kwana biyu da sai an tsaga. Yaron kuwa yunwa ce kawai, sati ɗaya zai mayar da abin da ya zubar.

Sati ɗaya. Auta ta fito tana maimaita kalmar a ranta, rigar a dunƙule a hannunta. Za ta roƙi Inna. Ai kuskure ne, tsohuwa ce, abin da ta sani ke nan.

Ta same ta a kan bencin baranda, ta ba ta baya. Wata yarinya mai jego tana gefenta tana kuka a hankali, ta dafe ƙirji. Inna kuwa, da yake ba ta iya ganin inda za ta nuna sani ta yi shiru ba, ta karkata tana ba ta shawara.

"Ke dai kada ki yarda ki hana shi. Ta wannan mai ciwon ma za ki fara ba shi, ki cije, kwana biyu zai saki. Ki kwance wannan abin da kika ɗaure. Duk wadda ta ce miki nono na lalacewa, ba ta ƙaunarki."

Auta ta tsaya. Zazzaɓin ma sai ta ji ya sauka, wani sanyi ya maye gurbinsa.

"Inna."

Tsohuwar ta juyo. Ba ta razana ba. Ta dubi rigar da ke hannun Auta, ta dubi idonta, ta gyara goyo.

"Kin sani," in ji Auta. "Tun ranar farko kin sani."

"Waccan ba ta zo raba ni da kowa ba."

"Jikanki ne fa. Kina jin kukansa."

"A bayana yake yi, na fi ki jinsa. Kwana biyar ba ya kashe yaro, na auna." Ta miƙe, ta matso har Auta tana jin numfashinta. "Ke miji kika binne, ga shi kin sami wani tun ƙasar ba ta bushe ba. Ni ɗa na binne. Faɗa mini shagon da zan je in samo wani."

Ta wuce wajen mota. Auta ba ta bi ta ba, domin ta hango Mai Gyara a gindin bishiyar bakin ƙofar asibitin, jakarsa a kafaɗa. Ya san ranar. Ya bar aiki ya zo. Zuciyarta ta ɗan dawo wurinta.

Ta isa gare shi tana kuka ba ta damu da masu kallo ba. Ta zayyana masa komai, rigar, ƙullutun, ruwan sukarin, abin da kunnenta ya ji a baranda. Ta ce ya je ya sami mahaifinta, shi namiji ne, a tara manya, a ce yarjejeniyar da aka yi wa zagon ƙasa ba ta ɗaure kowa ba. Ko a ƙara musu awo ɗaya. Awo ɗaya kacal.

Ya saurara har ta gama. Ya sauya wa jakar kafaɗa. Ya sosa ƙeya.

"Auta," ya ce, "wataƙila haka shi ne alheri."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

Ya ci gaba yana kallon ƙasa. Ya ce mahaifiyarsa ta amince, ta ma yaba da natsuwarta, amma ta ce sai dai ta zo ita kaɗai, ba za ta ga ɗanta yana ciyar da jinin wani ba alhali dangin uban suna da hali. Ya ce ɗaki ɗaya ne da shi, ita ma ta sani. Yaron a gidansu yake, babu mai wulaƙanta shi, duk ranar da ta so za ta je ta gan shi. Ita yarinya ce, Allah zai ba su nasu.

"Yaushe ta faɗa maka haka?"

"Ranar da kika je. Bayan kin tafi."

"Kwana shida ke nan."

Ya ce bai so ya tayar mata da hankali ba ne, ga jego.

Ta share fuska da rigar nan mai tauri, ta kankare mata kunci. Kukan ya tsaya ɗif.

"To da ka zo nan yau ka tsaya a gindin bishiya, me kake roƙo? Layin ya hau, ko ya sauka?"

Ta dube shi. Shekara shida tana sanin fuskar nan, ba ta buƙatar ya faɗa.

Yaya ya danna hon sau biyu. Ta juya. Mai Gyara ya biyo ta taku uku yana kiran sunanta a hankali don kada mutane su ji, ya ce ta yi tunani, yana sonta, wallahi bai taɓa son wata ba. Gaskiya ya faɗa kuwa. Ita ce ma ta fi ciwo.

A gida ta ce a ba ta ɗanta. Inna ta kwance goyon ta miƙa ba musu, don yanzu babu abin da ya rage a hana. Auta ta zauna a bakin gado, ƙofa a buɗe, rana tana dukan tsakar gida. Ta ɗora shi a na hagu. Ya kama da ƙarfin mai yunwar kwana biyar. Ta cusa gefen zani a baki ta cije, gumi yana bin wuyanta, ƙafarta tana dukan ƙasa, ba ta cire shi ba.

Rana ta biyu da hantsi abin ya saki. Ta ji shi sarai, kamar zaren da ya sarƙe a cikin keke ya warware. Yaron ya ƙware, ya saki, nono ya feso masa a ido, ya sake kamawa yana haɗiya ana jin ƙararsa daga bakin ƙofa. Ya sha har ya yi barci da baki a buɗe.

Tana cikin kallonsa Inna ta shigo neman almakashi. Ta bar ƙofar ɗakinta a buɗe, daga inda Auta take zaune ana hango saman kabad: gwangwanin madarar jarirai babba, ba a fasa ba, ƙura ta kwanta a murfinsa. Ƙurar ta fi ta sati ɗaya. Ta fi ta wata. Tun layin yana hawa Inna ta tanade shi.

"Na zauna," in ji Auta, ba ta ɗago ba.

Inna ta ce Allah ya yi albarka, ta ɗauki almakashin. Da la'asar Yaya ya turo sabon ƙyaure a bayan mota, daidai awon da ya ɗauka tun sati shida.

Sati biyu bayan haka aka koma asibiti, layin ya hau fiye da duk hawan da ya taɓa yi, nas ɗin ta yi ta murna ita kaɗai.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda ya faɗi, to Inna ta ci: jikanta yana kwana ƙarƙashin rufinta, sai dai tun ranar asibiti uwar yaron ba ta sake kiranta Inna ba, gaisuwa ce ta safe, a tsaye, babu suna. Yaya ya ci, ya sami mata ta uku ba tare da ya ɓata kalma ɗaya ba. Mai Gyara ya tsira da ɗakinsa da albarkar mahaifiyarsa, ya kuma daina bin layin gidan, ko da kekunan unguwar duka za su tsaya. Yaron ya ci, shi da bai san an yi ba, ya yi ɓul-ɓul har wuyansa ya ɓace.

Auta ce ta faɗi. Ta rasa wanda take so sau biyu, na farko an ƙwace mata shi, na biyu an nuna mata shi. Abin da ya rage a hannunta yaro ne mai nauyi, da nono biyu masu zuba yadda suka ga dama, suna jiƙa mata gaban riga a gaban kowa, ba ta ko sa hannu ta kare.